Kamun Ƙafa a Zamanin Fitina: Waƙa da Sharhinta

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai raba arziki yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, waɗannan 'yan baitoci ne da na tsara a garin Nalerigu, na kuma bi su da sharhi, domin almajirai sun ce maganar ta yi musu dunƙule. Sababin tsara su kuwa wata bukata ce da wani yaro daga cikin masu ɗaukar karatu a zaurena ya kawo mini a watan Nuwamba na 1446 ta Hijira, watau 2024, wadda ta hana ni barci kwanaki. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan wanda ya so in kai shi wurinsa ba.

Na fara da sunan Rabbu Mai iko,
Shi ke bai wa bawa, Shi ke karɓe mulki.

Tsira ga Ɗaha da alai da sahabbai,
Da suka riƙe amana har a fagen yaƙi.

Ya kai mai kai gaisuwa gidan manya,
Tsaya ka ji ni tun ba ka sami aiki.

Neman alfarma bai haramta ga bawa ba,
In dai kana iyawa kana da kirki.

Sharhi. Ku sani, tun da aka jefa ƙuri'ar raba gardama ran 27 ga Disamba 2018, aka yanke Jihar Arewa maso Gabas daga tsohuwar Jihar Arewa a 2019, aka mai da Nalerigu hedkwatarta, sai idon kowane saurayi mai takardar boko ya koma kan sababbin ofisoshi. Yaron nan yana cikinsu. Ya yi karatun lissafin kuɗi a Tamale, ya dawo gida ya zauna shekara biyar ba aiki. Ubansa abokina ne, Allah Ya ji ƙansa. Uwarsa ke ci da gidan da kokon safe da ƙosai, ga ƙanne huɗu, ga yarinyar da aka yi masa alkawari iyayenta sun fara gajiya da jira. Ya zo bayan sallar isha, ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, wane ya ce in ka raka ni gidansa da ƙafarka, sunana zai shiga takarda kafin zaɓe." Wanen nan babban mutum ne a wata jam'iyya, zaɓe kuwa saura 'yan makonni, ran 7 ga Disamba.

To, kada wani ya yi gaggawar cewa kamun ƙafa haramun ne ɗungum, domin shari'a ba ta ce haka ba. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya raba ceto gida biyu, kyakkyawa da mummuna, ya kuma sanya wa mai yin kowanne rabonsa daga abin da ya haifar. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, sarkin kuwa ba a kan addininsa yake ba. Amma ga Abdurrahmani ɗan Samura da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shi roƙon shugabanci, ga kuma Abu Zarri da ya nemi a naɗa shi aka hana shi saboda rauninsa, aka tunatar da shi cewa abin amana ne. Malamanmu na Malikiyya sun haɗa waɗannan duka. Ibnu Farhuna a Tabsiratul Hukkami, inda yake magana kan neman alƙalanci, ya kasa hukuncin kashi biyar. Yana wajaba ga wanda babu mai cancanta sai shi, ana son sa ga masanin da ba a san da shi ba, yana halatta ga mai cancanta matalauci da ke neman abin ciyar da iyali, makaruhi ne ga mai neman girma, haramun ne ga jahili da mai nufin cin rashawa ko ɗaukar fansa kan abokan gabarsa. Yaronmu kuwa ya iya aikin, ga shi matalauci mai nauyi a ka. Da a kwanakin lafiya ne, wallahi da na ɗauki sandata na raka shi, ban ga laifi ba.

Amma a ran fitina farashi kan sauya,
Ba kuɗi ake so ba, sai kunne da baki.

Wanda ya ɗora ka shi ke riƙe da linzami,
Kai ko kana zaton kai ne bisa doki.

Sharhi. Watan nan ba watan lafiya ba ne. Rikicin sarautar Boku tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake tashi tun 2021, ya ƙara zafi bayan naɗin da aka yi a nan Nalerigu a Fabrairun 2023, sa'an nan a Oktoban 2024 wuta ta kama sosai, har aka tare motoci a hanyar Walewale zuwa Bolgatanga aka kashe matafiya. Ni ba alƙalin wannan shari'a ba ne. Mu mutanen zango kakanninmu fatake ne da almajirai, sun sauka ƙarƙashin inuwar sarakunan ƙasar nan, akwai kuma masu salla a kowane ɓangare. Abin da na sani kawai, a irin wannan lokaci babu mai ba da kujera kyauta. Sai na tambayi yaron, "Ɗana, me ya ce za ka yi masa?" Ya sunkuyar da kai, ya ce ba kome ba ne, tun da ɗakinsu na kusa da tasha, ya riƙa lura da wanda ya sauka da wanda ya hau, musamman masu zuwa daga wajen Boku, ya riƙa sanar da wani yaronsa. Ya ce don tsaron gari ne.

Ya 'yan'uwa, ku dubi wannan ciniki da kyau. Rashawa mummuna ce, mai bayarwa da mai karɓa duka abin zargi ne, amma rashawa tana da iyaka: ka ba da sidi kaza, an gama, kowa ya kama gabansa. Wannan kuwa bashi ne da ba a rubuta adadinsa ba, mai bin sa kuma shi ke faɗin ranar da aka gama biya. Yau sunan matafiyi ne. Gobe, in ka zauna a ofis, takardar wane ce za a ce ka tura ƙarƙashin tebur, domin ba namu ba ne. Jibi a ce albashin malaman makarantar ƙauye kaza ya ɗan jira. Ba za ka iya cewa a'a ba, domin ka san ta wace ƙofa ka shigo, shi ma ya sani. Sunan matafiyi kuma a kwanakin da ake tare hanya ba ƙaramin abu ba ne. Mai bindiga sau da yawa bai san fuskar wanda yake nema ba, wani mai zaune lafiya a bakin tasha ne ke sanar da shi. A kitabu mun karanta saɓanin malamai kan wanda ya riƙe mutum wani ya kashe, da wanda ya yi nuni kawai. Saɓaninsu kan irin hukuncin duniya ne, babu wanda ya wanke mai nuni daga zunubi.

Tambayi Salga, ina Lepo ina Kanyasi,
Birnin goro ya koma abin mamaki.

Tambayi Yandi da Boku su ba ka labari,
Kowace gwamnati ta zo ta fama miki.

Sharhi. Salga ita ce kasuwar Gwanja da kakanninmu ke tasowa tun daga Kano da Katsina domin goronta. Ta fara rauni tun da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, amma abin da ya watsa ta shi ne yaƙin basasar 1892, da gidajen sarautar Kpembe suka yi kan fata ɗaya. (A ƙasar nan, domin masu karatu na nesa, sarki kan fata yake zama, don haka sarauta ita ce fata.) Kabachewura Isifa na gidan Kanyasi ya kirawo mayaƙan Dagomba da Nanumba, ya tumɓuke Kpembewura Napo na gidan Lepo. Ya sami fatar, amma fatake da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bar garin, ya kuma bar mana labarin fitinar a rubuce. Duk wanda ya yi kamun ƙafa a shekarar nan domin a ba shi wani matsayi a kasuwar Salga, ya wayi gari da matsayi, kasuwar ce babu.

Boku kuwa abin lura ce ƙwarai ga mai neman aiki. A 1958 gwamnatin Nkrumah ta tabbatar da sarautar ga Abugrago Azoka na Kusasi. Da soja suka hamɓarar da ita a 1966, doka mai lamba 112 ta mayar wa Mamprusi. A 1983 gwamnatin Rawlings ta yi doka mai lamba 75 ta sake mayar wa Kusasi. Tun daga nan kowane gida ya koyi cewa fatarsa tana rataye da wanda ke mulki a Akra, kowace jam'iyya kuma ta koyi inda ƙuri'arta take. Haka Yandi tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, har aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a fadarsa a Maris na 2002 tare da mutane da dama, ministoci biyu suka ajiye aiki, aka kuma shekara goma sha bakwai kafin a naɗa Ya Na Abukari Mahama na Biyu a Janairun 2019. Inda abu ya zama haka, aikin gwamnati yakan tashi daga amana ya koma ganima. Akawun da aka ɗauka ba a kallonsa akawun jama'a, ana kallonsa mashin ɗaya daga cikin rundunoni biyu, ko da shi bai taɓa riƙe ko sanda ba.

Ni ma na sha ruwan nan, ba na ɓoyewa,
Na ci rabon wani malami na kulle ɗaki.

Sharhi. Wannan baiti shi ya fi mini nauyi, na kuma so in cire shi, sai na ga in na cire shi sauran waƙar ta zama ƙarya. A farkon 1994 yaƙi ya ɓarke tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gwanja, wanda ake kira yaƙin zabo domin a kan cinikin zabo aka fara a wata kasuwa kusa da Bimbila. An kashe aƙalla mutum 2,000, an ƙone ƙauyuka fiye da 400, sai a 1996 aka ƙulla sulhu a Kumasi. Lokacin ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina da mata da 'ya'ya biyu, ba ni da abin shiga sai sadakar Laraba. Aka ce za a ɗauki malamin Larabci mutum ɗaya a wata makaranta, da albashin gwamnati. Mu biyu muka nema. Ɗayan wani malami ne da ya gudo daga wajen Salga da iyalinsa, ba shi da kome sai gafakar littattafai. Na zauna da shi sau biyu, na kuma san ya fi ni. Ya haddace Alfiyya, ya sauke Muhtasar, ni kuwa a lokacin ina tsakiyarsa. Abu ɗaya na fi shi, ina da wanda zan je wa.

Na je. Babban mutumin bai tambaye ni nahawu ba, bai karɓi ko kwabo ba. Ya ce da wanda ke gefensa, "Malam namu ne," shi ke nan. Na dawo gida ina hamdala, na ce Allah ne Ya yi. Malamin nan ya sauka Kumasi, daga baya na ji yana gadin wani shago da dare.

Bashin ya zo ne a shekarar zaɓen 1996. Ba a ce in yi ƙarya ba, ba a ce in zagi kowa a wa'azi ba. Amma yaran mutumin nan sun yi wa wani bawan Allah dukan kawo wuƙa a kasuwa domin an ce ɗan wancan ɓangare ne, a gabana, da idona. Da dattawa suka zauna neman shaida, sai aka aiko mini da buhun masara da gaisuwa, aka ce Alhaji yana tambayar yadda makaranta take. Na gane. Ranar zaman na kulle ɗakina na ce ina zazzaɓi. Ni da na karantar da yara cewa mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce! Na yi shekara ashirin da shida ina karɓar albashin nan, na yi aikin iyakar iyawata, da shi na aurar da 'ya'yana, ba na kuma cewa haramun na ci. Amma abu biyu suna wuyana da istigfari kaɗai ba ya sauke su, domin haƙƙin bayi ne. Wanda aka doka na neme shi na roƙe shi gafara, ya yafe, Allah Ya saka masa. Malamin Salga kuwa na yi cigiya har Kumasi, aka ce ya rasu.

Hatimin da ke hannunka na kowa ne,
Har wanda danginsa suka yi da naku yaƙi.

In ba ka iya buga masa ba, ya ɗana,
Gara ka koma gona ka watsa taki.

Sharhi. Wani zai ce, to Malam, in mutanen kirki duka suka janye, ai azzalumai ne za su cika ofisoshi, asibiti da makaranta da baitulmali kuwa ba sa rufewa don ana yaƙi. Wannan magana gaskiya ce, ban kuma ce kowa ya janye ba. Annabi Yusufu ma a gaban fari da yunwa ya nemi aiki. Sai dai ku lura da abin da ya gabatar, halinsa na tsare amana da saninsa na aikin, da kuma abin da ya yi da taskar, ya auna wa kowa, har 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya. Ma'aunin da nake ba almajirai ke nan. Kafin ka taka ƙofar uban gida, ka kawo a ranka mutumin da ka fi ƙi daga wancan ɓangare, ga shi tsaye gaban teburinka da takardarsa cikakkiya, uban gidanka kuma yana kallo. In za ka iya buga masa hatimi ka kwana lafiya da wanda ya kawo ka, to je ka nemi alfarma, ceto ne kyakkyawa, ni ma zan raka ka. In ka san ba za ka iya ba, to ba aikin gwamnati ka samu ba, soja aka ɗauke ka, ba a dai ba ka kaki ba.

Wani kuma zai ce, ai sai ya karɓa ya yi alkawari da baki, in ya shiga ya ƙi cikawa. Na ji wannan daga bakin wani mai ilimi, na kuma yi mamaki. Ban da yaudarar da ke ciki, wanda ya faɗi haka bai taɓa karɓar buhun masara ba. Ni na san yadda gwiwa ke sanyi in an ambaci makarantar da ake ci da yara daga gare ta.

Baitin ƙarshe yana da sauƙin faɗi ga tsohon da ya riga ya ci nasa, yaron kuma bai bar ni na manta ba. Da na ce masa ba zan taka gidan mutumin nan ba, sai ya ɗago kai, abin da bai taɓa yi a gabana ba, ya ce, "Allah gafarta Malam, Baba ya gaya mini yadda aka yi ka sami naka." Na ce, "Gaskiya ya gaya maka, ɗana, amma bai gaya maka abin da na biya ba." Na ba shi labarin kamar yadda na ba ku. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "To amma kun ci abinci." Ban sami amsar da zan ba shi ba a daren nan, domin gaskiya ce, mun ci.

Abin da na iya yi shi ne na ɗauki alƙalami na rubuta masa shaida, ba zuwa ga wane ba, zuwa ga duk wanda ta isa hannunsa: cewa na san shi tun yana riƙe da allo, na ba shi ajiyar kuɗin gyaran masallaci shekara uku ban ga kwabo ya yi ciwon kai ba, ya iya lissafi, ba ya shaye-shaye. Na sa hannu. Na ce ya haɗa da takardunsa ya kai duk inda aka buɗe neman ma'aikata, ni kuma zan faɗi haka a gaban kowane mutum na kowace jam'iyya in an tambaye ni. Ya dubi takardar, ya ajiye ta a kan buzuna, ya yi sallama ya fita.

An yi zaɓe, mulki ya sauya hannu a Janairun 2025, a Fabrairu kuma sabuwar gwamnati ta ba da umarnin soke ɗaukar ma'aikatan da aka yi bayan 7 ga Disamba. Wasu almajirai suka ce, ka gani, Malam ya yi gaskiya. Na hana su, domin wannan ba hujja ba ce. Da jam'iyyar mutumin ta ci, da yaron ya zauna daram a kujerarsa, hukuncin kuma da bai sauya ba. Cikin waɗanda aka sallama ma akwai bayin Allah da suka cancanta, kuma ƙofofin da aka rufe a wannan unguwa an buɗe irinsu a waccan, da irin sharuɗɗansu. A Yulin 2025 aka shiga makarantar sakandare ta garin nan aka harbe ɗalibai biyu, aka sa mana dokar hana fita. A kwanakin nan da muke kulle a gida na tsara baitocin, ina jin motocin soja suna wucewa.

Yaron bai je gidan mutumin ba, wannan na tabbatar daga bakin uwarsa. Bai kuma dawo zaurena ba. An ba da yarinyar ga wani. Yana tuƙa babur na haya tsakanin Nalerigu da Gambaga, in ya gan ni a hanya yakan tsaya ya sauka ya gaishe ni yadda ya kamata, in na ce ya biyo ya karɓi takardarsa sai ya ce, "To, Malam, in sha Allahu." Na saka ta cikin Risalata, a babin hukunci da shaida, domin kada ta yamutse kafin ya zo.